Muhawara: Daga Datu Zuwa Kotun Ƙoli, Ina Mulki da Shari'ar Filifin Suka Samo Asali?

Barista Nasiru:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Ina so in ɗora magana a faifai game da ƙasar Filifin, domin sau da yawa idan aka ambace ta tsakanin masu karatun shari'a sai ka ji an ce ai tsarinta na Amurka ne aka kwafo, tunda tana da shugaban ƙasa da majalisar dattawa da majalisar wakilai da Kotun Ƙoli. Ni ban gamsu da wannan magana ba. A ganina, duk wanda ya mulki waɗannan tsibirai, waɗanda yawansu ya haura 7,000, ya zo da dokarsa ne ya shafa ta a kan ta wanda ya gabace shi, kamar katangar ƙasa da ake yi wa sabon yaɓe ba tare da an kankare tsohon ba. Shi ya sa a yau wanda ya yi kisan kai a Manila za a hukunta shi da kundin laifuffuka na 1930, wanda tushensa na Sifaniya ne. Lauyansa zai kafa hujja da tsarin mulki mai ƙirar Amurka, kuma da Turanci zai yi. Maƙwabta biyu da suka yi rigima a kan iyakar gida sai sun fara zama gaban shugaban unguwa kafin kotu ta saurare su. Musulmin Mindanao, babban tsibirin kudancin ƙasar, da zai raba gado kuwa kotun Shari'a zai nufa.

Kafin zuwan Turawa babu gwamnati guda da ta haɗa tsibiran. Mutane suna zaune ne a ƙananan al'ummu da ake kira barangay, kowace a ƙarƙashin shugabanta, datu, wanda shi ne jagoran yaƙi, shi ne kuma mai yanke hukunci tare da dattawa, galibi ta hanyar tara da biyan diyya. Akwai shaida a rubuce cewa suna da tsarin bashi da warware shi: a 1989 an tsinci wani faranti na tagulla a lardin Laguna, mai ɗauke da kwanan wata da ya yi daidai da shekara ta 900 Miladiyya, kuma abin da ke cikinsa shi ne shelar yafe wa wani mutum mai suna Namwaran da zuriyarsa bashin zinariya, tare da ambaton manyan da suka shaida. Takarda mafi tsufa da ƙasar ta mallaka, ashe, takardar shari'a ce.

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam, Barista. Allah ya ƙara basira. Na taɓa karanta cewa akwai wani kundin dokoki na Datu Kalantiaw da aka ce an rubuta a 1433, mai hukunce-hukunce masu tsanani har da jefa wa kada mai laifi. Ina matsayinsa a wannan tarihi?

Dakta Habibu:
Malama, wannan kundi ƙirƙirarre ne, kuma ya dace a faɗi haka ƙarara domin har yanzu yana yawo a intanet. Wani mutum mai suna Jose E. Marco ne ya fito da shi a farkon ƙarni na 20, aka karɓa hannu bibbiyu, aka sa shi cikin littattafan makaranta. Masanin tarihi William Henry Scott ya bi diddigin takardun a 1968 ya nuna ba su da asali, amma duk da haka gwamnatin Shugaba Ferdinand Marcos ta ƙirƙiro lambar girmamawa da sunan Kalantiaw a 1971. Sai a 2004 hukumar tarihi ta ƙasar ta fito ta ce ƙarya ne.

Malam Tukur:
Allah ya saka wa Dakta. Ni abin da ke damuna da labarin Kalantiaw shi ne, an shafe shekaru ana koyar da yara dokar da ba ta taɓa wanzuwa ba, alhali a kudancin ƙasar akwai rubutattun dokoki na gaske da aka kawar da kai daga gare su. Masarautar Sulu ta kafu wajen tsakiyar ƙarni na 15 a hannun Sharif ul-Hashim, ta Maguindanao kuma a farkon ƙarni na 16 a hannun Sharif Kabungsuwan. Waɗannan dauloli ne masu sarki da alƙalai da fadawa da hulɗar jakadanci. Mutanen Maguindanao suna da kundi da ake kira Luwaran, wanda aka tsamo hukunce-hukuncensa daga littattafan fiƙihun Shafi'iyya aka daidaita su da al'adar wurin, an kuma rubuta shi da haruffan Larabci; Najeeb Saleeby ya fassara shi zuwa Turanci a 1905. Hatta Manila, lokacin da Legazpi, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya kafa mulkin ƙasarsa a can a 1571, sarakunan Musulmi ya tarar, ciki har da Rajah Sulayman. Don haka duk wanda zai jero tushen shari'ar Filifin ya ce Sifaniya da Amurka ya tsaya, to, ya bar wanda ya riga su duka.

Barista Nasiru:
Gaskiyarka, Malam Tukur, kuma za mu dawo kan kudu. Amma bari mu shiga zamanin Sifaniya, domin nan ne aka daɗe, tun daga saukar Legazpi a Cebu a 1565 har zuwa 1898. Har zuwa 1821 ma daga Meziko ake gudanar da tsibiran. A sama akwai gwamna-janar, sai babbar kotu da ake kira Audiencia wadda aka kafa a Manila a 1583, wadda kotu ce kuma majalisar ba gwamna shawara ce a lokaci guda. Sai dai Turawan ba su da yawa, don haka ba su rushe datu ba. Sun mayar da shi mai karɓar haraji mai laƙabin cabeza de barangay, aka kuma riƙa zaɓen shugaban gari, gobernadorcillo, daga cikin waɗannan iyalai. Su ne suka zama ajin da ake kira principalia. An ɗauke musu haraji da aikin tilas, alhali talaka yana bin kwana 40 a shekara yana sarar katako da ƙera jiragen ruwa, har sai da aka rage kwanakin zuwa 15 a 1884. Ina roƙon 'yan zaure su riƙe wannan aji a zuciya, domin shi ne zaren da ya ratsa dukan labarin.

A ƙauye kuwa, wanda ke da iko na haƙiƙa shi ne limamin Katolika na ƙungiyoyin zuhudu, domin shi ke jin harshen mutane, shi ke riƙe rajistar haihuwa da aure, shi ke sa ido a kan zaɓen shugaban gari, ƙungiyarsa kuma ita ke da manyan gonaki. Manyan kundayen Sifaniya ba su iso ba sai dab da ƙarshe: na laifuffuka a 1887, na kasuwanci a 1888, na mu'amala a 1889. Shekara goma kawai suka yi aiki kafin mulkin ya faɗi, amma su ne suka rayu bayansa.

Malama Rabi:
Wannan batun limamai shi ya bayyana mini abin da ya faru a garin Malolos, inda 'yan gwagwarmaya suka rubuta tsarin mulkinsu. Bayan ƙungiyar neman 'yanci ta Katipunan ta ɗauki makami a kan Sifaniya a 1896, aka harbe marubuci ɗan kishin ƙasa Jose Rizal a ranar 30 ga Disamba na wannan shekara, jagoran juyin, Emilio Aguinaldo, ya yi shelar 'yanci a ranar 12 ga Yuni, 1898. Wakilai suka taru a cikin cocin Barasoain suka rubuta tsarin mulki wanda aka ƙaddamar a Janairun 1899, mai majalisa ɗaya wadda ta fi shugaban ƙasa ƙarfi. Abin da ya fi tayar da ƙura a zauren shi ne ko Katolika za ta zama addinin gwamnati, kuma raba coci da gwamnati ya yi nasara ne da ratar ƙuri'a ɗaya tak. Mutanen nan sun rubuta wa kansu tsarin mulki tun kafin Amurka ta ce za ta koya musu.

Alhaji Mansur:
Ina biye da ku, amma ina ganin ana neman tauye wa Amurka haƙƙinta. Na san ta karɓi ƙasar ne daga Sifaniya a yarjejeniyar Paris ta Disambar 1898 a kan dala miliyan 20, na kuma san yaƙin da ya biyo baya ya ci rayukan ɗimbin jama'a. Duk da haka mu dubi abin da aka gina. An kafa Kotun Ƙoli a watan Yunin 1901, kuma ɗan ƙasa ne, Cayetano Arellano, ya zama alƙalin alƙalai na farko. An zaɓi majalisa a 1907, Dokar Jones ta 1916 ta kawo majalisar dattawa da alƙawarin 'yanci, an rubuta tsarin mulki a 1935, Manuel Quezon ya zama shugaba, mata suka sami ikon zaɓe a 1937, aka kuma miƙa mulki a ranar 4 ga Yuli, 1946. Wace ƙasar mulkin mallaka ce a wancan zamani ta ajiye rana ta kuma cika? Ga kuma shari'ar Mateo Cariño, mutumin ƙabilar Ibaloi daga Baguio wanda gwamnati ta ƙwace wa fili: a 1909 Kotun Ƙolin Amurka, ta bakin Mai Shari'a Holmes, ta ce filin da mutane suka riƙe tun kaka da kakanni bai taɓa zama na gwamnati ba.

Dakta Habibu:
Ranka ya daɗe, Alhaji, duk abin da ka lissafa ya faru, sai dai a tambayi wa ya ci gajiyarsa. A zaɓen 1907 sai namiji mai dukiya, ko mai iya Sifaniyanci ko Turanci, ko wanda ya taɓa riƙe muƙami a zamanin Sifaniya ne ke da ƙuri'a, kuma waɗanda suka yi zaɓen ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'a ba. Ma'ana, principalia ɗin da Barista ya ambata su aka miƙa wa majalisa. Dokar rajistar filaye ta 1902 ta ba mai lauya da mai awon ƙasa damar mallakar takarda, manomin da bai iya karatu ba ya wayi gari ɗan haya a gonar kakansa. Hukuncin Cariño kyakkyawa ne, amma ƙa'idar da aka gada daga Sifaniya, wadda ke cewa duk ƙasar da ba ta da takarda ta gwamnati ce, ita aka sa a tsarin mulkin 1935, tana nan kuma a na yanzu. Sai a 1997 aka yi dokar kare filayen ƙabilu 'yan asali, kuma da aka ƙalubalance ta a Kotun Ƙoli a 2000 alƙalai suka rabu 7 da 7, da haka ta tsira. 'Yancin 1946 ma da sharaɗi ya zo, domin sai da aka gyara tsarin mulki a 1947 don Amurkawa su sami dama daidai da 'yan ƙasa wajen cin albarkatun ƙasar.

Malam Tukur:
A kudu abin ya fi haka muni. Amurka ta ƙulla yarjejeniyar Bates da Sarkin Sulu a 1899 lokacin da take fama da yaƙi a arewa, ta warware ta ita kaɗai a 1904 da ta sami sarari. A 1906 sojojinta suka kashe ɗaruruwan mutane, har da mata da yara, a dutsen Bud Dajo, a 1915 kuma aka sa sarkin ya sauka daga ikon mulki ya tsaya a kan jagorancin addini. Dokar filaye ta 1919 ta ba Kirista damar neman hekta 24, wanda ba Kirista ba hekta 10. Wannan ba zalunci ne da aka yi a ɓoye ba, doka ce aka rubuta aka buga.

Alhaji Mansur:
Ban musa ko ɗaya ba, Malam. Hujjata ita ce, makaman da aka yi amfani da su daga baya wajen yaƙar zalunci, wato 'yancin zuwa kotu da ikon alƙali na soke dokar da ta saɓa wa tsarin mulki, daga wannan zamani aka gaje su.

Barista Nasiru:
To, Alhaji, mu gwada waɗannan makamai a ranar da aka fi buƙatar su. An zaɓi Ferdinand Marcos a 1965, aka sake zaɓensa a 1969, kuma tsarin mulki bai yarda ya wuce shekara takwas a jere ba, wato wa'adinsa zai ƙare a ƙarshen 1973. A Satumbar 1972 ya kafa dokar soja, aka kama 'yan adawa da 'yan jarida, aka rufe gidajen jaridu. Akwai sabon tsarin mulki da ake rubutawa, wanda ya kamata a kai shi ƙuri'ar raba gardama. Maimakon haka, a Janairun 1973 aka tara mutane a unguwanni, har da 'yan shekara 15 waɗanda doka ba ta ba su ƙuri'a ba, babu akwati, babu sirri, aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Da wannan aka yi shelar cewa jama'a sun amince.

Aka kai ƙara, ita ce shari'ar Javellana, aka yanke hukunci a ranar 31 ga Maris, 1973. A cikin alƙalai goma, shida sun ce ba a bi ƙa'ida wajen amincewa da kundin ba. Amma da aka zo ga tambayar ko za a dakatar da shi, shida suka kori ƙarar, huɗu suka ƙi, kotu ta ce babu sauran wani shinge na shari'a da zai hana kundin aiki. Wato akwai alƙalan da suka ga laifin da idonsu, suka faɗe shi, sannan suka ce wannan lamari ne na siyasa da ya fi ƙarfin kotu. Alƙalin alƙalai Roberto Concepcion yana cikin waɗanda suka ƙi, kuma ya bar kujerarsa kafin lokacin ritayarsa ya cika. Ni a wurina wannan shi ne hukunci mafi nauyi a tarihin ƙasar, domin Marcos bai rushe kotu ba. Ya bar ta a buɗe, ita ta sa masa hatimi. Daga nan ya riƙa yin doka da sa hannunsa shi kaɗai, kuma da yawa daga waɗannan dokoki suna aiki har gobe.

Malama Rabi:
Shi ya sa tsarin mulkin 1987 yake karantuwa kamar amsa ga Javellana. Bayan kisan jagoran adawa Benigno Aquino a filin jirgin Manila a Agustan 1983 da fitowar jama'a kan titin EDSA na Manila a Fabrairun 1986, wanda ya kifar da Marcos, matar Aquino, sabuwar shugabar ƙasa Corazon Aquino, ta naɗa kwamiti mai mutum 48 ƙarƙashin tsohuwar alƙaliyar Kotun Ƙoli Cecilia Muñoz-Palma, jama'a suka amince da aikinsu a ranar 2 ga Fabrairu, 1987. Shugaban ƙasa zango ɗaya yake yi na shekara shida. Dokar soja ba ta wuce kwana 60 sai majalisa ta tsawaita, dole shugaba ya kai wa majalisa rahoto cikin awa 48, kuma kowane ɗan ƙasa yana iya zuwa Kotun Ƙoli ya ƙalubalanci dalilin kafa ta. Mafi muhimmanci, an ɗora wa kotuna nauyin duba ko wani ɓangare na gwamnati ya wuce gona da iri wajen amfani da ikonsa, don kada alƙali ya sake fakewa da cewa batun siyasa ne. Roberto Concepcion ɗin nan yana cikin kwamitin, kuma shi ya tsaya kai da fata a kan wannan sashe.

Dakta Habibu:
An toshe ƙofar da Marcos ya bi, Malama, amma ba a taɓa gidajen da ya tarar ba. Kundin ya ce gwamnati za ta haramta gadon mulki a cikin iyali, sai ya ƙara da cewa kamar yadda doka za ta fayyace, aka bar wa majalisar da waɗannan iyalai suka cika aikin rubuta dokar. Shekaru sun shuɗe, abin da aka samu shi ne hani a zaɓen majalisun matasa na unguwanni a 2016. Gloria Macapagal-Arroyo 'yar shugaban ƙasa ce, Benigno Aquino na Uku ɗan shugabar ƙasa ne, a 2022 kuma ɗan Marcos ya hau kujera tare da 'yar shugaba mai barin gado Rodrigo Duterte a matsayin mataimakiya. A Nuwambar 2009 an kashe mutum 58 a Maguindanao, 32 daga cikinsu ma'aikatan jarida, saboda wani ya nemi yin takarar gwamna da iyalin Ampatuan, kuma sai a Disambar 2019 aka yanke hukunci. Kotun Ƙolin ma ba ta tsira ba: an tsige alƙalin alƙalai Renato Corona a 2012, a 2018 kuma abokan aikin magajiyarsa Maria Lourdes Sereno suka cire ta da ƙuri'a 8 da 6 ba tare da an bi ta majalisar dattawa ba.

Alhaji Mansur:
Amma an yanke hukuncin, Dakta, kuma 'ya'yan gidan da ke da iko da lardi guda aka ɗaure. Tun 1987 kuma babu shugaban da ya zarce wa'adin da kundin ya yanka masa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malam Tukur:
Bari in cika alƙawarin da Barista ya yi na komawa kudu. Bayan yarjejeniyar Tarabulus ta Disambar 1976 tsakanin gwamnati da MNLF, ƙungiyar Musulmin kudu masu fafutukar ɓallewa, Marcos ya sa hannu a kan doka mai lamba 1083 a Fabrairun 1977, wadda ta tattara hukunce-hukuncen aure da sadaki da saki da idda da gado na Musulmi, ta kuma kafa kotunan Shari'a. Babu haddi a cikinta, kuma ɗaukaka ƙara yana ƙarewa ne a Kotun Ƙoli ta Manila. Wanda ya saba da kotunanmu na Arewa zai gane mafi yawan babobinta, ko da yake mu Malikiyya muke bi su kuma Shafi'iyya, amma akwai tanadin da zai ba shi mamaki: mai son ƙara aure sai ya rubuta sanarwa ya kai wa magatakardar kotu, a sanar da uwargida, idan ta ƙi a kafa kwamitin sulhu da wakilin miji da na mata. Wani abin lura kuma, Amurkawa sun halatta saki a 1917, kundin mu'amala da ya fara aiki a 1950 ya soke shi, don haka Musulmi suna da hanyar rabuwar aure wadda mafi yawan 'yan ƙasa ba su da ita, sai dai su nemi kotu ta ce auren bai ƙullu ba tun farko, shari'ar da ke cin kuɗi da shekaru. Dokar Bangsamoro ta 2018, wadda aka amince da ita a ƙuri'ar raba gardama a 2019, ta ba yankin Musulmin kudu mai cin gashin kansa majalisa mai kujeru 80 da babban minista, tsarin firaminista a cikin ƙasa mai tsarin shugaban ƙasa.

Malama Rabi:
Barista, ka ambaci zama gaban shugaban unguwa tun farko. Yaya ake yin sa a aikace?

Barista Nasiru:
Wannan tsari ya samo asali ne daga dokar Marcos ta 1978, aka sake shigar da shi cikin dokar ƙananan hukumomi ta 1991. Ƙasar tana da barangay kimanin 42,000, kowace da zaɓaɓɓen shugaba da kwamitin sulhu mai mutum 10 zuwa 20. Idan mazauna gari ɗaya suka sami saɓani a kan bashi ko iyaka ko zagi, mai ƙara zai je wurin shugaban, a kira ɗayan, a zauna. Idan bai iya sasanta su ba, sai su zaɓi mutum uku daga cikin kwamitin su sake gwadawa. Ba a yarda lauya ya shiga zaman ba, kowa da bakinsa zai yi magana. In an daidaita a rubuta a sa hannu, kuma bayan kwana goma takardar tana da ƙarfin hukuncin kotu. In ba a daidaita ba a ba mai ƙara takardar izinin zuwa kotu, wadda in babu ita ana iya korar ƙararsa. Manyan laifuffuka da ɗaurinsu ya haura shekara ɗaya ba sa bi ta nan.

Dakta Habibu:
Tsari ne mai rage wa talaka wahala, wannan ba ni da ja a kai. Sai dai shugaban barangay ɗan siyasa ne da ake zaɓa, kuma sau da yawa magajin gari ne ya ɗauki nauyin takararsa. Idan mai haya da mai gona suka zo gabansa, babu lauya, babu alƙali, ina so Barista da Alhaji su gaya mana abin da doka ta tanada don kare mai hayar idan mai gonar shi ne ya biya kuɗin kamfen ɗin wanda ke sulhun.